Zaɓen salon launi a cikin kyamara domin gyaran hoto daga baya: misali daga aikin bincike a gundumar Dakwaro

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayani a kan yadda mai bincike zai saita launin kyamararsa tun kafin ya ɗauki hoto, ta yadda zai samu damar gyara shi daga baya ba tare da ya ɓata shaidar da ke ciki ba. An ɗauki gundumar Dakwaro a matsayin misali saboda tsananin haskenta da irin launukan dabbobi, tufafi da ƙasa da a ke samu a can. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, saitin da ya fi ƙayatar da ido a bayan kyamara shi ne ya fi zubar da bayani, kuma abin da aka zubar a lokacin ɗauka ba ya dawowa a kan kwamfuta.

1. Gabatarwa

A zamanin fim, mai ɗaukar hoto yana zaɓen launinsa ne a kanti, ranar da ya sayi fim. Wanda ya sayi Kodachrome, da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1935 ya kuma daina yin sa a 2009, ya san irin jan da zai samu. Wanda ya sayi Velvia na kamfanin Fuji, da ya fito a 1990, ya san korensa zai fi na ganyen da ya gani ƙarfi. Masu aikin bincike na wancan lokaci sun san wata ƙa'ida kuma: nagatif yana haƙuri da kuskure, domin mai wankin hoto yana iya ƙara haske ko rage shi a labo, amma diyapo yadda aka ɗauke shi haka zai zauna.

Yau wannan zaɓe yana nan bai gushe ba, sai dai ya ɓuya cikin jerin saitunan kyamara, inda mutane da dama ba su taɓa leƙawa ba. Ga mai ɗaukar hoton biki, al'amarin bai wuce na sha'awa ba. Ga ɗalibin da ya taso daga Yamai ko Maraɗi da ɗan guzurinsa domin ya yi mako biyu a ƙauyukan Dakwaro kuwa, hoto shaida ce da za ta shiga kundin bincikensa. Idan ya koma gida ya tarar farin ya ƙone, baƙin ya toshe, jan ya zama dunƙule ɗaya, to, ba shi da halin ya koma, kuma ko ya koma damina ta wuce, garken ya yi gaba.

Za mu fara da duba hasken yankin, sa'an nan abin da kyamara ke yi wa haske, sa'an nan saituna huɗu da a kan gama a kira su "launi", kafin mu kawo shawarar aiki da iyakar gyara.

2. Hasken Dakwaro da launukanta

Garin Dakwaro (Dakoro a takardun hukuma) yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, kusa da kwarin Tarka, a yankin da ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Wannan ya sa masu nazarin kiwo, aikin gona, ƙasa, harshe da al'ada duk su kan je can. Matsalolin da kyamara ke gamuwa da su iri uku ne.

Ta farko ita ce ratar da ke tsakanin haske da duhu. Garin yana wajen daraja 14 da rabi arewa da ikwaita, saboda haka rana kan tsaya daidai bisa kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Daga Maris zuwa Satumba inuwar tsakar rana gajera ce mai duhu, tana faɗawa cikin gurbin ido da ƙarƙashin malfa. Farin yadi yana maido haske kimanin ninki ashirin na baƙin yadi, kuma abin da ke rana yana samun haske ninki takwas ko fiye na abin da ke ƙarƙashin rumfa. Ke nan idan farar riga a rana da baƙin rawani a inuwa suka haɗu a hoto guda, ratar ta kai ninki 160, alhali takardar hoto mai kyau ba ta nuna abin da ya wuce kimanin ninki ɗari. Tumakin Uda sun tara wannan matsala a jikin dabba ɗaya, tun da gabansu baƙi ne ko ja, bayansu fari.

Ta biyu ita ce launuka masu ƙarfi. Akwai jar akuyar Maraɗi, akwai jajayen shanun Bororo irin waɗanda a ke kiwo a gandun dabbobi na Fako, akwai kuma turkuɗi, watau baƙin rinin da a ke bugawa a Kura ta ƙasar Kano, wanda Abzinawa ke naɗawa. Launinsa yana tsakanin shuɗi mai duhu da ruwan malmo, da wani ƙyalli kamar na jan ƙarfe, kuma wannan yanki na launi yana cikin waɗanda kyamara ta fi yin kuskure a kansu.

Ta uku ita ce launuka masu kama da juna waɗanda bambancinsu shi ne abin nema. Manomi yana rarrabe jigawa da geza da fadama, kuma launi yana cikin alamunsa. Ganyen gero da ya fara rawaya yana nuna yunwar taki ko ciwo. Likitan dabbobi da ke aiki da katin FAMACHA, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, yana gwada launin cikin fatar idon akuya da matakai biyar, daga ja zuwa fari, domin ya gane ƙarancin jini. A irin wannan aiki, kyamarar da ta ƙara wa ja ƙarfi ta mai da dabba marar lafiya lafiyayya a hoto.

3. Abin da kyamara ke yi wa haske

Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara bai san launi ba. Miliyoyin ƙananan ɗigo ne, kowane yana auna yawan hasken da ya faɗo masa kawai. Domin a samu launi, an rufe kowane ɗigo da matata ja, koriya ko shuɗiya, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976: rabin ɗigon kore ne, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Awon da kowane ɗigo ya yi a kan rubuta shi da bit 12 ko bit 14, watau matakai 4 096 ko 16 384 tsakanin duhu da cikar haske. Wannan tarin lambobi shi a ke kira ɗanyen fayil, ko RAW.

Kafin lambobin su zama hoton da ido zai gani, sai kyamara ta yi ayyuka a jere. Tana ƙiyasta wa kowane ɗigo launuka biyun da bai auna ba daga maƙwabtansa. Tana yanke hukunci a kan abin da ya ke fari. Tana ƙara ko rage ratar haske da duhu, tana ƙara ƙarfin launi, tana ƙara kaifi a gefen abubuwa. Daga nan sai ta rage matakan zuwa bit 8, watau 256 ga kowane launi, ta matse su cikin fayil ɗin JPEG, tsarin da aka amince da shi a 1992. A wajen matsewar, bayanin launi ne ya fi shan ragi, domin a kan ajiye rabinsa ko rubu'insa kawai, tun da ido ya fi kula da haske bisa ga launi.

Mai rini ya san cewa ƙyallen da bai ji baba sosai ba ana iya sake tsoma shi, amma wanda ya riga ya yi baƙi ƙirin ba ya komawa shuɗi mai haske. Haka lamarin ya ke a nan. Ƙara rata, ƙara ƙarfin launi da ƙara kaifi duk abubuwa ne masu sauƙi a kan kwamfuta. Janye su bayan kyamara ta yi su, shi ne ba ya yiwuwa sai da hasara.

4. Saituna huɗu

4.1. Nau'in fayil

Wannan shi ne zaɓen da ya rinjayi sauran. Wanda ya ajiye RAW ya ajiye awon farantin tun kafin a taɓa shi; salon launi, farfajiyar launi da daidaiton fari duk rubutu ne kawai a gefen fayil, ana iya canza su daga baya. Ko da an saita kyamara a kan baƙi da fari, launin yana nan cikin RAW. Wanda ya ajiye JPEG kaɗai kuwa, duk hukuncin da kyamara ta yanke ya zauna.

Sai dai RAW yana da nasa nauyi. A kyamara mai ɗigo miliyan 24, fayil ɗaya kan kai megabait 25 zuwa 30, saboda haka katin ajiya mai gigabait 64 zai ɗauki wajen hoto 2 000. Ba a buɗe shi sai da manhaja ta musamman, ko ta kamfanin kyamarar, ko irin su darktable da RawTherapee da a ke samu kyauta. Kowane kamfani kuma yana da nasa tsari, abin da ya sa Adobe ya fito da tsarin DNG a 2004 domin a samu na gama-gari. Inda wuta da kwamfuta suka yi ƙaranci, hanya mafi sauƙi ita ce a sa kyamara ta ajiye RAW da JPEG tare, a yi aikin yau da kullum da na biyun, a adana na farkon.

Ya kamata a lura cewa RAW ba ya gyara kome da kome. Hasken da ya wuce ƙarfin farantin ya ɓace, hoton da ya girgiza ya girgiza. Haka kuma wasu saituna da a ke zaton na JPEG ne kawai, kamar D-Lighting actif na Nikon, suna iya rage yawan hasken da kyamara ke bari ya shiga, ta haka su shafi RAW ɗin kansa.

4.2. Salon launi

Salon launi shi ne ya maye gurbin zaɓen fim. Canon ya shigo da nasa jerin a 2005, Nikon a 2007, Fujifilm kuwa ya ba nasa sunayen tsofaffin fina-finansa, kamar Provia da Velvia. A kyamarar da aka saita da Faransanci za a tarar da sunaye irin su Standard, Portrait, Paysage, Saturé, Neutre da Fidèle. Kowane suna haɗi ne na abubuwa uku da muka ambata, watau rata, ƙarfin launi da kaifi, tare da ɗan karkata wasu launuka.

Bari mu ɗauki jar akuya da rana ta haska. A ce a salon Neutre gashin bayanta ya fito da ja tsakanin mataki na 200 da na 235. Salon Saturé ko Paysage zai tura waɗannan lambobi sama, wasu su nemi wuce 255, wanda shi ne ƙarshen ma'auni. Duk abin da ya wuce sai a rubuta shi 255. Gashin da ke da launi dabam-dabam ya koma fenti ɗaya ke nan, kuma rage ƙarfin launi a kwamfuta zai dusashe fentin ne kawai, ba zai maido gashin ba. Haka Paysage ke yi wa kore da shuɗi: ciyawar da ta fara bushewa a dajin Gadabeji sai ta fito kamar ta tsakiyar Agusta, abin da zai ruɗi mai nazarin makiyaya.

Daga nan wani zai ce, to, a zaɓi salon da ya fi kowane laushi. Nikon ya ƙaro irin wannan a 2014, mai suna Uniforme, kuma kyamarorin bidiyo suna da salon da a ke kira Log. Amma a fayil mai bit 8 wannan ma yana da haɗari. Idan salon ya tattara sararin samaniyar hunturu cikin matakai 20, aka zo aka buɗe su zuwa 60 domin hoton ya yi kyau, to, biyu cikin kowane matakai uku babu kome a cikinsu. Sai samaniya ta fito ratsi-ratsi kamar matakala, fatar mutum ta yi dabbare-dabbare. Saboda haka ga mai JPEG tsaka-tsaki ya fi: salon Neutre, a rage rata da daraja ɗaya ko biyu idan rana ta yi tsanani, a bar ƙarfin launi yadda ya ke ko a rage kaɗan, a sa kaifi ƙasa-ƙasa.

Mai RAW ma salon ya shafe shi ta wata hanya. Hoton da ya ke gani a bayan kyamara, da jadawalin haske da kyamara ke zanawa, duk daga wani ƙaramin JPEG su ke fitowa wanda aka yi da salon da ya zaɓa. Salo mai tsanani zai nuna masa fari ya ƙone alhali bai ƙone ba, sai ya rage haske, inuwa ta cika da ƙura-ƙura. A nan ne salo mai laushi ke da amfani, domin jadawalinsa ya fi kusa da abin da farantin ya auna. Kuma a riƙa duba jadawalin launuka uku, wanda ke nuna ja, kore da shuɗi kowane dabam, domin na haske zalla kore ne ya rinjaye shi, yana iya ɓoye ƙonewar ja.

4.3. Farfajiyar launi

Lambobi uku na ja, kore da shuɗi ba su da ma'ana sai an faɗi wane ja, wane kore, wane shuɗi. Yarjejeniyar da ke faɗin haka ita ce farfajiyar launi. Kyamarori suna ba da zaɓi biyu: sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka gabatar a 1996, da Adobe RGB na 1998. Na farkon yana ɗauke da kimanin sulusin launukan da ido ke gani, na biyun kimanin rabi. Jansu da shuɗinsu na tushe iri ɗaya ne, koren ne ya bambanta, saboda haka ribar Adobe RGB ta fi yawa a wajen kore da tsanwa.

Kuskuren da a kan yi shi ne a ɗauka babbar farfajiya ita ce ta fi barin damar gyara. A JPEG matakan nan 256 ne dai a ke shimfiɗawa a fili mafi faɗi, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru. Bugu da ƙari, idan aka buɗe fayil ɗin Adobe RGB a na'urar da ba ta karanta alamar farfajiya, sai launin ya fito a dushe. Injinan wankin hoto na kasuwa da majigin ɗakin lacca galibi sRGB su ke tsammani. Don haka mai JPEG ya tsaya a sRGB, sai fa idan maɗaba'ar da za ta buga aikinsa ce ta nemi ɗayan. Mai RAW ba ruwansa da wannan saiti, ya zaɓi farfajiya ranar da zai fitar da hoton. Ana gane fayil ɗin da aka ɗauka da Adobe RGB da ɗan layin ƙasa da ke farkon sunansa.

4.4. Daidaiton fari

Haske kansa yana da launi, a kan auna shi da darajar kelbin. Hasken rana tsaka yana wajen 5 200 zuwa 5 500, inuwa ƙarƙashin shuɗiyar samaniya tana kai 7 000 ko fiye, ƙwan lantarki irin na da yana wajen 3 000. Idan an bar kyamara ta daidaita fari da kanta, tana neman ta mai da jimlar hoton ruwan toka. A ƙasar da rairayi ya cika hoto, sai ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta zuba shuɗi, jigawa ta fito fari-fari. A lokacin hazo tana share launin ƙurar, wanda mai yiwuwa shi ne abin da a ke son nunawa. Abin da ya fi muni, hukuncinta yana canzawa daga hoto zuwa hoto, sai gona ɗaya ta fito da launi biyu cikin minti ɗaya, kwatance ya gagara.

Maganin shi ne a tsai da saitin wuri ɗaya, a kan alamar rana idan a fili a ke, sa'an nan a ɗauki hoton farko da wani abin da aka san launinsa a ciki: kati mai ruwan toka, ko allon ColorChecker mai gida 24 da ya fito a 1976, ko shafin littafin launin ƙasa na Munsell ga masu nazarin ƙasa. Duk lokacin da haske ya canza, misali aka shiga ƙarƙashin rumfar da aka rufe da shuɗin tamfal, sai a sake ɗaukar katin. Farar takarda ba ta cika amfani ba, domin a kan sa mata sinadarin da ke sa ta karkata zuwa shuɗi.

5. Batun fatar mutum

Saitin da kamfani ya kira Standard yana da tarihi. Daga shekarun 1950, injinan wankin hoto na Kodak a kan daidaita su ne da wani kati mai hoton mace farar fata, wanda aka sani da katin Shirley. Lorna Roth ta jami'ar Concordia da ke Kanada ta nuna, a nazarin da ta buga a 2009, cewa koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda kayansu ba su fita sosai a hoto, suna cikin abin da ya sa kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke nuna launuka masu duhu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu fata iri-iri.

A aikace, fuskar baƙin mutum tana faɗawa a ɓangaren ma'aunin da salo mai tsanani ke dannewa zuwa duhu. Ma'aunin hasken kyamara kuma yana ƙara taɓarɓara al'amarin, domin idan farin rairayi ko farar riga suka cika hoto sai ya rage haske. Mai Neutre da ya ƙara haske gwargwadon abin da farar rigar za ta jure yana da abin da zai ɗaga daga baya. Inda hali ya yi, gara a nemi mutum ya tsaya a bakin inuwa, ko a jira hantsi ko la'asar sakaliya, domin gyaran haske a wurin ɗauka ya fi kowane gyara a kwamfuta.

6. Wanda salula kaɗai gare shi

Ɗalibai da yawa da salula su ke aiki. Salula ta fi kyamara sa hannu a hoto: tana haɗa ɗauka da yawa a yi hoto ɗaya, tana gane samaniya ta ƙara mata shuɗi, tana gane fuska ta gyara ta. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno, Itel da Infinix, ya yi suna da saita kyamarorinsa domin baƙar fata, kuma Google ya shigo da nasa tsarin a 2021. Wannan ci gaba ne ga hoton zumunci. Amma saitin ƙawata fuska yana goge tsaga da zanen fuska, yana kuma haskaka fata, alhali ga mai nazarin al'adun Woɗaaɓe ko na Gobirawa waɗannan alamu su ne bayanin. Wajibi ne a kashe shi, tare da duk wani tace launi da saitin gane wuri.

Tun 2014 tsarin Android ya ba da damar ajiye DNG, kuma salula da dama suna da shi a ƙarƙashin saitin Pro, inda a ke iya tsai da daidaiton fari. Abin kiyayewa na ƙarshe shi ne hanyar aikawa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto a kan rage shi, a sake matse shi, a kuma cire bayanan da ke nuna rana da saitin da aka ɗauke shi. A tura shi a matsayin takarda, ko a kwashe shi da waya zuwa kwamfuta.

7. Shawarar aiki

Ana iya taƙaita abin da ya gabata kamar haka:

a) Kafin tafiya, a gwada kyamara a kan farar riga, baƙin yadi da jan abu a rana tsaka, da kowane salo, a duba sakamakon a kwamfuta.

b) Idan da hali, a ajiye RAW da JPEG tare, da salo mai laushi.

c) Idan JPEG ne kaɗai, a zaɓi mafi girma kuma mafi ƙarancin matsi, da salon Neutre, da sRGB. Kada a ɗauki baƙi da fari a cikin kyamara.

d) A tsai da daidaiton fari, a ɗauki kati a farkon kowane zama.

e) A dogara ga jadawalin launuka uku, domin gilashin bayan kyamara ba ya ganuwa sosai a rana.

f) Kada a canza salo a tsakiyar aikin da za a kwatanta hotunansa, kuma a rubuta saitin a littafin aiki.

g) Kada a yi gyara a kan fayil na asali. A yi kwafi a tsarin TIFF mai bit 16, domin JPEG yana raguwa duk lokacin da aka sake ajiye shi.

8. Iyakar gyara

Samun damar gyara yana zuwa da alhaki. A 2004 Mike Rossner da Kenneth Yamada sun bayyana ƙa'idar da mujallar nazarin ƙwayoyin halitta ta jami'ar Rockefeller ke bi, wadda mujallun kimiyya da dama suka ɗauka daga baya: ana iya gyara haske, rata da launi muddin gyaran ya shafi hoton baki ɗaya kuma bai ɓoye wani bayani ba, amma ba a ƙara, cire ko kaurar da wani sashe. A gasar hoton jarida ta World Press Photo ta 2015, an fitar da kimanin kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe bayan an gwada su da fayilolinsu na asali. A wannan shekara kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nemi masu aiko masa da hoto su turo JPEG ɗin da kyamara ta yi, domin sauri da kuma rage yawan gyara. Hanyoyin biyu sun bambanta, amma abin da su ke nema ɗaya ne, watau a iya gane abin da kyamara ta gani da abin da hannu ya ƙara.

Ga kundin bincike, wannan yana nufin a adana fayil na asali tare da hoton katin, a kuma faɗi gyaran da aka yi a ƙarƙashin hoton ko a babin hanyoyin bincike. Mai nazarin kalmomin launi da ke son ya nuna iyakar abin da Bahaushe ke kira ja, daga akuya zuwa ƙasa zuwa fatar mutum, hujjarsa tana tsayawa ne idan wani zai iya komawa ga asalin hoton ya auna.

9. Kammalawa

Mun ga cewa saitin launi hukunci ne da kyamara ke yankewa a madadin mai ita, kuma a JPEG ba a ɗaukaka ƙara. Hasken Dakwaro, da ratarsa mai faɗi da jajayen dabbobinsa da launukan ƙasarsa masu kama da juna, yana fito da illar kowane kuskure fiye da hasken ƙasashen da a ke ƙera kyamarorin. Hoton da aka ɗauka da salon Neutre zai fito a ɗan dushe a bayan kyamara, har mai shi ya ga kamar na abokinsa ya fi kyau, amma shi ne za a iya fitar da gashin akuya, saƙar turkuɗi da fuskar makiyayi daga cikinsa. Abin da ya rage shi ne a gwada waɗannan shawarwari a kan kyamarori da salular da ɗalibanmu ke riƙe da su, a damina da rani da hunturu, a kuma daidaita kalmomin Hausa da aka yi amfani da su a nan, irin su salon launi, farfajiyar launi da daidaiton fari, tare da masu sana'ar hoto na Maraɗi da Dakwaro waɗanda ke da nasu kalmomin aiki.